GANI YA KORI JI: Kurakuran Tarihi Da Muka Daɗe Muna Ɗauka Gaskiya Ne



Duk wanda ya zauna a Kwanar Dangora ranar kasuwa zai ji labarai iri-iri. Direbobi na ba da nasu. 'Yan kasuwa na ba da nasu. Tsofaffi ma na ba da nasu. In hira ta yi daɗi sai a gangaro kan tarihi. Wani ya ce, "Ai da ba don wane ba, da babu kaza." Wani ya ce, "Ai Bature ne ya kawo mana kaza." Sai kowa ya gyaɗa kai, a tashi a kan haka.

Wasu labaran gaskiya ne. Wasu rabin gaskiya ne. Wasu kuwa an yi ta faɗarsu ne har suka zauna a zuciya, alhali ba haka abin ya faru ba. Labari kamar ruwan rafi yake. In ya yi tafiya mai nisa sai ya kwaso ƙasa da ganye.

Akwai kuskure guda da ya fi yawa. Mukan ɗauki babban al'amari mu rataya shi a wuyan mutum ɗaya, yawanci baƙo. Sai ka ce kafin zuwansa babu kowa, babu komai. A wannan wata za mu duba maganganu takwas da ake yawan yi. Yawancinsu sun shafi ƙasarmu ta Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Ku karanta a hankali, ku kuma karanta wa na gida.

1. "Kafin Bayajidda babu Hausawa"

Kowa ya san labarin Bayajidda. An ce ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya iso Daura da dare. Ya kashe macijiyar da ke rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, suka haifi Bawo. Daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Biram, da maƙwabciyarmu Rano. Saboda haka wasu ke cewa duk Bahaushe jikan Bayajidda ne.

To, mu sake sauraron labarin da kunnen basira. Su wa suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiya? Maƙeran Gaya. Wa ta sauke shi a Daura? Wata tsohuwa mai suna Ayana. Su wa macijiyar take hana ɗiban ruwa? Mutanen gari. Wa ke mulkinsu? Sarauniya Daurama, kuma an yi wasu sarauniyoyi kafin ita. Ashe labarin da kansa ya nuna Bayajidda ya tarar da gari, da rijiya, da sarauta, da sana'a. Labari ne na asalin gidajen sarauta, ba na asalin dukan jama'a ba.

Haka abin yake ga Bagauda, sarkin Kano na farko. Littafin Tarihin Kano ya nuna ya hau mulki wajen shekarar 999. Amma littafin ya ce ya tarar da mutanen Barbushe zaune a gindin Dutsen Dala. Masu binciken kayan tarihi kuma sun tono wurin narka tama a Dala. Awo ya nuna ana narka ƙarfe a wurin fiye da shekara 300 kafin Bagauda.

Tafkin Bagauda da ke ƙasar Bebeji kuwa sabon aiki ne. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare ruwan, kamar yadda aka yi madatsar Tiga da aka gama a 1974. An sa masa sunan Bagauda ne don tunawa da shi kawai.

2. "Shehu ne ya kawo Musulunci ƙasar Hausa"

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya yi masa rahama, babban malami ne. An haife shi a 1754, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817. Ba mai musun girman aikinsa. Amma ba shi ya kawo Musulunci ƙasar Hausa ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba.

Littafin Tarihin Kano ya ce malaman Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Suka kira shi ga salla, ya karɓa, aka gina masallaci. Daga mutuwar Yaji zuwa hijirar Shehu shekara 419 ke nan.

Bayan Yaji an yi Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina gidan sarautar Kano da ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa babban malami Shehu Magili ya zo Kano, har ya rubuta masa littafi kan yadda sarki zai riƙe jama'a da adalci. A Katsina kuma an yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani fiye da shekara 100 kafin jihadi.

To, mene ne aikin Shehu? Gyara ya yi. Ya tarar ana salla, amma ana haɗa ta da tsafi. Ya tarar da zalunci, da haraji mai nauyi, da cin hanci a wajen shari'a. Ya tarar an bar mata cikin duhun kai. Waɗannan ya yi wa'azi a kansu. Shi ya sa ake kiransa Mujaddadi, wato mai sabuntawa. Ba a sabunta abin da babu shi.

Kuma ba a rana ɗaya kowa ya musulunta ba. Har bayan jihadi akwai Maguzawa da yawa a ƙauyukan kudancin Kano, suna nomansu, suna biyan jizya, suna cin kasuwa da maƙwabtansu.

3. "Jihadi yaƙin Fulani da Hausawa ne"

Wannan magana ta fi sauran haɗari, domin har yau wasu na amfani da ita su raba kan jama'a. Gaskiya ne yawancin waɗanda suka karɓi tuta Fulani ne. Gaskiya ne kuma sarakunan da aka kora Hausawa ne. Amma in an tsaya nan an faɗi rabin labari.

Cikin manyan almajiran Shehu akwai Malam Abdussalami, Bahaushe ne daga Arewa. Harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin abin da ya tayar da yaƙin. Malam Yakubu, wanda ya karɓi tuta ya kafa Bauchi, ba Bafulatani ba ne, mutumin Gerawa ne. A nan Kano ma, cikin shugabannin jama'a akwai Malam Usman Bahaushe. Talakawan Hausawa masu yawa sun bi Shehu saboda sun gaji da zalunci.

A ɗaya gefen kuma, Sarkin Kano Muhammadu Alwali Musulmi ne, kuma akwai Fulani a cikin rundunarsa. Ɗantunku, wanda daga baya ya kafa Kazaure, yana tare da shi da farko, sai a yaƙin Ɗanyaya ya koma wajen jama'ar Shehu. Da aka ci Alwali ya nufi Zariya, daga nan ya dawo Burumburum, wadda ke ƙasar Tudun Wada a yau. A nan aka yi karon ƙarshe, aka kashe shi wajen shekarar 1807. Wato a ƙasarmu sarautar gidan Kutumbawa ta ƙare.

Bayan haka ma, ai Ɗantunku ya juya ya yaƙi Sarki Ibrahim Dabo, dukansu Fulani. Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, 'yan gida ɗaya ne suka yi shi, duk jikokin Dabo. Ashe rigimar addini ce da mulki da haraji, ba ta harshe ba.

Shekara 200 ke nan ana auratayya. Gida nawa ne a Kiru ko Bebeji da za a ce babu jinin Bahaushe ko na Bafulatani a ciki? In wani ya zo maka da tsohon yaƙi don ya haɗa ka faɗa da maƙwabcinka, tambaye shi su wane ne Abdussalami da Yakubun Bauchi.

4. "Turawa sun zo da yawa, kuma ba wanda ya tare su"

Wannan magana biyu ce, kuma duk biyun ba daidai ba ne. Mutanen Bebeji sun fi kowa cancantar sanin haka.

Ga yadda abin ya faru. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe wani hafsan Turawa, ya gudo Kano. Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Turawa dama suna neman dalili, sai suka samu. A ƙarshen Janairu 1903 runduna ta taso daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Morland.

Su wane ne a cikin rundunar? Turawan da ke ciki ba su kai 50 ba. Sauran sojojin, su fiye da 700, baƙaƙen fata ne irinmu. Da yawansu Hausawa ne, akwai Yarbawa da wasu ƙabilu, duk an ɗauke su aiki ana biyan su albashi. Ga kuma 'yan alaro masu ɗaukar kaya. Ƙarfinsu ba a yawa yake ba, a makami yake. Suna da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Mutanenmu kuwa takobi gare su, da mashi, da kwari da baka, da 'yan bindigogi kaɗan.

Ranar 1 ga Fabrairu 1903 suka iso Bebeji. Suka tarar da ƙofa a rufe. Aka nemi Sarkin Bebeji ya buɗe, ya ƙi, domin umarnin Sarkin Kano ne kada a buɗe. Sai aka saita igwa a ƙofar. Harbin ya fasa ƙofa, ya kashe sarkin tare da wasu manyansa. Aka shiga gari da yaƙi, wasu mutane suka rasa rayukansu. Bebeji ce ta fara tsayawa a gaban Turawa a ƙasar Kano. Da sauran garuruwan da ke kan hanya suka ji abin da igwa ta yi, ba su sake tare su ba.

Ranar 3 ga Fabrairu suka isa Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa tun a watan Janairu. Duk da haka waɗanda aka bari sun yi yaƙi. Ganuwar Kano ta yi kauri, igwa ta kasa huda ta. Sai da aka koma wajen Ƙofar Kabuga sannan aka sami hanya. Kanawa wajen 300 suka mutu. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare gidan sarki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A ƙarshen Fabrairu rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta yi karo da sojan Turawa a Kwatarkwashi. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ake kira Mai Shahada. An kama Sarki Alu, aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1926. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli 1903.

Wani abu kuma: mutane kan ce Gwamna Lugga ne ya ci Kano da hannunsa. A'a, ba ya wajen yaƙin. Bayan an ci gari ya iso, ya naɗa Wambai Abbas sarki.

Mu kuma yi lissafi. Daga 1903 zuwa 1960, da aka sami 'yancin kai, shekara 57 ce kacal. Daga Bagauda zuwa zuwan Turawa kuwa shekara 904. Mulkin Bature bai kai tsawon ran dattijo ɗaya ba.

5. "Bature ne ya gano kuza"

In an ce kuza sai a tuna Jos da manyan injunan kamfani. Shi ya sa ake zaton Bature ne ya fara sanin amfaninta. Amma ku tambayi mutanen Riruwai a ƙasar Doguwa.

Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, mutanen Riruwai suna haƙar kuza. Sukan ɗebo yashin rafi su wanke a ƙwarya, yashi ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Sai su zuba ta a murhun laka tare da gawayi, su yi ta hura wuta da zugazugi har ta narke. Daga nan su zuba ruwan ƙarfen a 'yan ramuka, ya daskare ya zama sanduna sirara kamar tsinke. Fatake su saya su kai Kano da sauran kasuwanni. Maƙeran fari na amfani da ita wajen shafe tasoshi da yin kayan ado.

Daga baya wasu mutanen Riruwai suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, suka kafa wani gari mai suna Riruwain Dalma, suka ci gaba da sana'ar. Shi ya sa ake kiran tamu Riruwain Kano.

To, yaya Bature ya sani? Turawan Kamfanin Neja sun ga waɗannan sanduna a hannun fatake tun kafin 1900. Suka yi ta tambayar inda ake samo su. A 1902 kamfanin ya aika mutanensa su bi sawu, har suka isa wuraren da ake haƙa a ƙasar Bauchi. Daga nan kamfanoni suka kwararo, aka ba su takardun izinin filaye, garin Jos ya bunƙasa. Masu narkawa na gargajiya suka rasa wurin haƙa, sana'arsu ta mutu, 'ya'yansu suka koma lebura.

Saboda haka Bature bai gano kuza ba. Sawun masu ita ya bi.

6. "Jirgin ƙasa da gyaɗa ne suka fara kawo arziki"

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya biyo ta tashar Dangora. A 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya aka yi ta tara dalar gyaɗa a Kano. Wasu na zaton daga nan fatauci ya fara. Har akan ce Alhaji Alhassan Ɗantata ɗan birni ne, kuma gyaɗa ce farkon arzikinsa.

A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata, a 1877. Gidansu gidan fatake ne na Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan ya sami sunan Ɗantata. Mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce, ta zauna a can ƙasar da ake kira Gana a yau. Da goro ya fara. Yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon doguwar tafiyar ƙasa. Lokacin da Kamfanin Neja ya ɗauke shi sayen gyaɗa a 1918, ya riga ya zama attajiri. Saboda jarinsa da mutanensa kamfanin ya neme shi. Ya rasu a 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Fataucin Gwanja ya girmi jirgi nesa ba kusa ba. Ayari kan tashi da jakuna a ƙarƙashin madugu, a ɗauki kanwa da tufafi da fatu, a yi wata da watanni a hanya, a dawo da goro. Bebeji babban zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya ratsa ta a 1826, ya rubuta cewa babban gari ne mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. Wani kuma mai suna Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu da ƙetaren Sahara. Baƙin rinin Kura ya yi suna wajen Buzaye. Ana ciniki da wuri, ana ba da bashi, ana riƙon amana.

Ko gyaɗar ma, ba shirin Bature ba ce. Auduga Turawa suka sa rai jirgin zai kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta cin aiki kamar auduga, tana gyara ƙasa, kuma in yunwa ta zo ana iya cin ta. Sai suka zaɓi gyaɗa. Manomi ne ya yanke hukunci, Bature ya bi.

7. "Ba mu san rubutu ba sai da Bature ya zo"

Abin da Bature ya kawo shi ne baƙaƙen boko. Ɗanhausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Amma ɗaruruwan shekaru kafin haka malamanmu na rubutu da Larabci. Sarakuna na aika wasiƙu, alƙalai na rubuta hukunci, fatake na rubuta bashi. Ana kuma rubuta Hausa da Fulatanci da baƙaƙen Larabci, wato ajami.

Ba maza kaɗai ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta shirya mata malamai da ake kira jaji, suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Su ne 'Yantaru.

Saboda haka wanda ya iya ajami, yanzu yake koyon boko, ba daga duhu ya fito ba. Fitila ta biyu yake kunnawa.

8. "Masara da gyaɗa abincin kakanninmu ne tun fil'azal"

Wannan kuskuren ya sha bamban da sauran. A baya mun ba baƙo abin da yake namu. A nan kuma mun ɗauki abin baƙo mun ce namu ne tun asali.

Duk wanda ya bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa da damina zai ga masara iya ganinsa. Amma Bagauda bai taɓa cin masara ba. Sarki Yaji ma haka. Asalin masara ƙasar Meziko ce, a nahiyar Amurka. Gyaɗa da rogo daga Amurka ta Kudu suke. Barkono, tumatir, dankali, gwanda, abarba da taba, duk daga wannan nahiya suka fito. Ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara zuwa can. Daga bakin teku da kuma hanyar Sahara iri ya bi hannun fatake da alhazai har ya iso mu. Masana da yawa na ganin sunan masara yana nuna ta biyo ta ƙasar Masar ne.

Mangwaro daga wajen Indiya yake. Darbejiya ma haka, ita kam a 1928 aka fara dasa ta a Barno.

Mene ne namu na asali? Dawa, gero, wake, gujiya, acca da yakuwa. Ga kuka, ga ɗorawa, ga kaɗanya. Waɗannan a Afirka aka fara noma su ko amfani da su, tun shekaru dubbai.

Darasin da ke nan babba ne. Kakanninmu ba masu ƙin sabon abu ba ne. In sun ga baƙon iri sukan gwada shi a gefen gona. In ya yi kyau su riƙe, in bai yi ba su watsar. Wanda ya ce ba zai gwada sabon iri ba don bai gada ba, ya sani kakansa ya gwada.

Yadda za mu tace labari

Matambayi ba ya ɓata. In an ba ka labarin da, yi tambaya uku.

Ta farko: wa ya faɗa, kuma daga wa ya ji? Wanda kakansa ya ga abu da ido ya fi wanda ya tsinta a tasha.

Ta biyu: a zamanin wane sarki aka yi? In an san sarki, ana iya gano shekara. In an san shekara, ƙarya ba ta da wurin ɓuya.

Ta uku: akwai shaida? Tsohuwar takarda, ko kufai, ko ganuwa, ko kabari, ko ramin haƙar tama, duk shaidu ne. In labari biyu sun saɓa, a nemi na uku.

A yi hattara kuma da mai ba da labarin da zai amfane shi. Sau da yawa rigimar gona, ko ta iyaka, ko ta sarauta, daga gurɓataccen tarihi take tasowa. Kowa na jan labari wajen gidansu.

Wannan ba ya nufin a raina maganar tsofaffi. Da tsohuwar zuma ake magani. Abubuwa da yawa da ke cikin littattafai daga bakin tsofaffi aka ɗauko su. Abin tsoro shi ne, kullum suna tafiya da abin da suka sani. Ganuwar garuruwanmu na zubewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini. Tsofaffin takardu na cikin adaka, gara na ci.

Kai da ka iya riƙe alƙalami, ga aiki ya same ka. Sayi ɗan littafi. Je wajen dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwarku, namiji ko mace. Gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi: su wa suka kafa garin nan? Daga ina suka zo? Su wa suka tarar? Wace sana'a suke yi? Rubuta abin da ya faɗa, da sunansa, da ranar da ya faɗa. Sannan ka je wajen wani dattijon ka gwama. In akwai tsofaffin takardu a gidanku, a naɗe su a tsumma mai tsabta, a ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Kada a sayar, kada a ƙona.

Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.